Baƙin Kirtani a Ƙofar Shanlu

Masu riƙe da labaran ƙasar Sin suna cewa a zamanin da, tsakanin Kogin Bai da Dutsen Gajimare, an yi wata masarauta da ake kira Shanlu. Ba ta da faɗin ƙasa, amma ganuwarta ta gagari sarakunan da suka fi ta. A shekarar da wannan labari ya faru Sarki Wenhai ne a kan gado, saurayi mai sanyin magana wanda bai daɗe da naɗi ba. Mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki Shuyi, tana da wani ɗan da ya girme shi, Yarima Jinlu. Shi ne aka yi wa tanadin sarauta, sai kuwa tun da ran mahaifinsa ya aske kansa, ya tuɓe rigar yarima, ya hau Dutsen Gajimare ya shiga cikin sufayen Buda. Tun daga ranar bai sake taka birnin ba.

Shuyi ta sa an canja mata ɗaki ta koma wanda tagarsa ke kallon dutsen. Kullum da hantsi idan ƙararrawar gidan sufaye ta kaɗa, sai ta ajiye abin da ke hannunta har sautin ya mutu. Ba ta san ko shi ke kaɗawa ba. Ta dai yanke wa ranta cewa shi ne, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata akasin haka.

To, a Shanlu akwai wata al'ada tun daga kakan Sarki. Littafi ba ya shiga birni sai magatakardan fada sun warware naɗinsa a bakin ƙofa, sun duba, sun ɗaura masa kirtanin alharini. Littattafan Malam Kong, waɗanda fada ke mulki da su, kirtaninsu rawaya ne, ana ce musu na asali. Na mabiya Dao, masu zama cikin duwatsu suna neman tsawon rai, kirtaninsu shuɗi ne, ana ce musu na gefe. Na Buda kuwa baƙi ake ɗaura musu, ana kiransu karkatattu. Wannan baƙin kirtani shi ya sa sufaye suka kwashe littattafansu suka bar birnin tun kafin a haifi Jinlu.

Da kaka ta shigo, shamuwar da ke sheƙa a kan rufin ɗakin kakanni ta watse gaba ɗaya, ta bar ƙwai. Mutane ba su gama maganar ba sai ga ɗan aike daga iyaka, dokinsa ya jiƙe da kumfa. Ya faɗi gaban Sarki ya ce Tolugan, sarkin mahayan arewa, ya ci sansanin da ke tsaron mashigar ruwa, ya tsallake Kogin Bai, kuma hanyarsa ta gindin Dutsen Gajimare za ta bi.

Aka kaɗa tambari, majalisa ta zauna. Shuyi ta zauna inda ta saba, a bayan asabari, dama da karagar ɗanta.

Madawaki Hu Gan, jagoran mayaƙa, mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a shigo da mutanen karkara da hatsinsu, a kwaso na kan dutse, a rufe ƙofa. Wanda aka bari a waje ya zama abincin Tolugan."

Waziri Dong Shi ya gyara hannun rigarsa. Tsoho ne da ya yi wa sarakuna biyu hidima, kuma rumbunan birnin a hannun danginsa suke. Ya ce, "Sama ta ja zamanin Sarki. Manomi ɗanmu ne, ƙofa tasa ce. Amma na kan dutse sun ce sun fita daga gida, ba su da uba, ba su da sarki. Littattafansu na baƙi ne, daga yamma aka ɗauko su a bayan raƙuma. Kuma Sarki ya san sunan da suke kiran littattafan Malam Kong da shi? Na waje. Nasu ne wai na ciki. Littafin da ya koya wa ɗa yadda zai binne ubansa, shi ne na waje."

Daga can gefe Shehu Yun Tai, babban malamin Dao na fada, ya yi 'yar dariya cikin farin gemunsa. Ya ce, "Waziri ya ji zafi don an ce masa na waje. Mu da ka ce mana na gefe fa, ka taɓa jin mun yi kuka?"

"Ku ai ba ku da lokacin kuka, kuna can kuna dafa maganin mutuwa."

"Gara mu. Naku littattafan koyon durƙuso ne, daga farko har ƙarshe: yadda za a durƙusa wa uba, yadda za a durƙusa wa sarki, yadda za a durƙusa wa wanda ya mutu." Ya juya wajen Sarki. "Amma, Zaki, a kan sufaye ina tare da Waziri, ko da yake dalilinmu daban. Tsohonmu Lao, wanda ya kafa tafarkin Dao, ya hau bijiminsa ya yi yamma, ya koya wa baƙi ɗan abin da kansu zai ɗauka. Shi ne suka dawo mana da shi. Littattafansu ƙanzon tukunyarmu ne. Namu daga sama suka sauko, su ne na gaskiya."

Madawaki ya ce, "Tolugan bai iya karatu ba, malamai. Rawaya da shuɗi da baƙi duk wuta ɗaya zai sa musu."

Shuyi tana ji. Ta san ba littafi Waziri ke tsoro ba. Tsoffin mayaƙan birnin su ne suka koya wa Jinlu hawan doki, har yau idan an ambace shi sukan sunkuyar da kai. Idan ya shigo a lokacin yaƙi, wa ya san wanda za su kalla? Ta ɗaga murya daga bayan asabari, abin da ba ta saba yi ba.

"Waziri, kai da ka haddace littattafan asali, ka gaya mini, a cikinsu akwai inda aka ce uwa ta rufe ƙofa ɗanta yana waje?"

 Waziri ya rusuna wajen asabarin. Ya ce, "Babu, ranki ya daɗe. Kuma ban ce a rufe ba. Su shigo. Amma al'adar kakan Sarki ba ta tashi don an ga ƙurar doki. Kowane naɗi a warware shi a ƙofa, a ɗaura masa baƙi, sannan ya wuce."

Sarki Wenhai ya dubi asabarin, ya dubi Waziri. Shuyi ta ga yadda yatsunsa suka riƙe hannun karaga. Ya ce, "Haka za a yi."

Kowa a zauren ya san sufaye za su gwammace mutuwa da su miƙa littattafansu a ɗaura musu wannan suna. Saboda haka da aka tambayi wanda za a aika, Shuyi ta ce ba a bukatar ɗan aike. Ta sa aka ɗaura mata karusa.

Hanyar dutsen ta fi yadda take gani daga taga nisa. Inda karusa ta kasa, ta sauka ta taka da ƙafarta, kuyanginta suna riƙe da ita. A bakin gidan sufaye wani mutum ramamme ya fito tarbarta, cikin riga mai launin toka, kansa ƙwal. Da ba don yadda yake ɗan karkata kafaɗar hagu ba, irin ta mahaifinsa, da ta wuce shi. Shi ne yanzu shugaban gidan. Ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, bai durƙusa ba.

"Barka da zuwa, Mai Babban Ɗaki."

"Haka ake gaida uwa a nan?"

"Haka ake gaida kowa a nan."

"To ni ba kowa ba ce. Matso in gan ka. Ba sa ba ka abinci ne?"

Ya yi murmushi, ya matso. Ta so ta taɓa fuskarsa, amma idanun sufaye suna kansu, sai ta mai da hannunta cikin riga. Ya kai ta ɗakin littattafai. A barandar ɗakin, inda feshin ruwa ke iya kaiwa, ta ga wasu naɗe-naɗe da ta sani, da rawayan kirtaninsu da ya koɗe. Littattafan da mahaifinsa ya koya masa karatu da su ne.

"Na ubanka a baranda, kamar awaki."

"Na waje ne, a nan ake ajiye su. Ba wulaƙanci ba ne. Suna gyara zaman mutum da mutane. Na ciki su ne ke gyara zuciya."

"Kowa dai da bakinsa. Waziri ya ce naku karkatattu, Yun Tai ya ce ƙanzo, kai ka ce nasu na waje. Ni ban yi karatun da zan raba ku ba, Jinlu. Na zo in tafi da kai."

Ta gaya masa hukuncin majalisa. Ya dubi tarin littattafan da suka kai rufi. Ya ce waɗanda suka ɗauko su sun mutu a cikin yashi, waɗanda suka juya su zuwa harshen Sin sun makance a kan aikin. Ya ce ba zai iya tsayawa yana gani a ɗaura musu sunan karkata ba, kuma ba zai bar su a kan dutse ya tsira da ransa ba. Ya roƙe ta ta tafi da tsofaffin sufaye da marasa lafiya.

Shuyi ba ta yi gardama ba. Ta fita baranda, ta ture naɗe-naɗen mijinta gefe, ta zauna a ƙasa da kayan sarautarta.

"Me kike yi?"

"Na sami wurina. Ka koma wajen na cikinka. Idan Tolugan ya zo sai ya fara da mu."

"Inna, ki tashi. Ƙasa da sanyi."

"Ai ka ce ka fita daga gida. Ina ruwanka da sanyin tsohuwa?"

Ya tsaya a kanta har rana ta karkata. Tana jin sufaye suna ƙus-ƙus a tsakar gida, wasu na cewa kada ya yarda. Daga baya ya juya wajensu ya ce, "Kirtani a bayan takarda yake, ba ya shiga cikin tawada. Ku ɗaura shanu." Ita kuma ya ce mata, "Zan zo. Amma sai amalanken ƙarshe ya shige sannan in shiga. Wannan ba zan canja ba."

Ta yarda, don tana ganin aikin yini guda ne.

Washegari da sassafe amalanken shanu suka jeru daga bakin gadar gwalalo, ramin da ya kewaye ganuwa, har gindin dutse. Magatakarda suka kafa tebur a wajen ƙofa, da damin baƙin kirtani. Waziri da Shehu Yun Tai suka zauna a ƙarƙashin laima suna shaida. Tsofaffin sufaye suka shige. Shuyi ta sa aka tsayar da karusarta daga ciki, daidai inda za ta riƙa hango ɗanta yana sauke naɗe-naɗe da hannunsa. Duk wanda aka ɗaura wa baƙi sai ta ga ya kau da kai. Amalanke na shiga, zuciyarta na sauka kaɗan-kaɗan. Har ta fara tunanin ɗakin da za ta sa a share masa.

Wajen tsakar rana wani magatakarda ya warware naɗi, ya juya shi, hannunsa ya tsaya. Ya kai wa Waziri. A fuska ɗaya maganar Buda ce. A ɗaya fuskar kuwa maganar Malam Kong ce, da rubutun fada, har da hatimin marigayi Sarki. Aka buɗe na gaba, haka. Aka buɗe akwatin da ke biye, haka.

Jinlu ya ce, "Shekarar da ambaliya ta cinye gidajen masu yin takarda, mahaifina ya aiko mana da tsofaffin naɗe-naɗen fada sadaka. Ba mu da abin rubutu, sai muka rubuta a bayansu. Duk sauran amalanken haka suke."

Magatakardan ya ce, "Wane kirtani zan ɗaura, ranka ya daɗe?"

Waziri ya riƙe naɗin kamar garwashi. Ya ce, "Hannuna ba zai ɗaura baƙi a kan maganar Malam Kong ba."

Shehu Yun Tai ya ce, "To ɗaura rawaya mana."

"In kira surutun baƙi na asali, da hatimin fada a jikinsa?"

"Sai ka ba ni su. Na riga na gaya maka daga tukunyarmu suka fito. A sa musu shuɗi kowa ya huta."

Jinlu ya ce, "Na yarda da baƙi don zagi ne, zagi kuwa ba ya canja mai littafi. Shuɗi cewa yake yi ba na Buda ba ne. Wannan ban yarda ba."

Wani magatakarda ya kawo shawarar a ɗaura biyu. Waziri ya ce ba a taɓa yi ba, kuma wanne zai hau kan wanne? Wani ya ce a tsaga takardar a raba fuskokin, aka dube shi har ya ji kunya. Waziri ya aika a ɗauko masa littafin al'adu daga fada ya ga ko magabata sun bar magana a kai.

Shuyi ta aika kuyanga ta ce masa ya ɗaura ko wane iri ne, ita za ta ɗauki laifin. Kuyangar ta dawo ta ce Waziri yana gaisuwa, ya ce laifin da aka yi wa magabata ba ya ɗaukuwa. Ta leƙa ta labule ta dubi fuskarsa. Gumi ne ke zuba a goshinsa, amma ba ta ga gaggawa a jikinsa ba. Ko da gaske ya rasa mafita, ko kuwa ya sami irin wadda yake so, masu labari ba su daidaita a kai ba.

Suna nan har mai tsaron hasumiya ya busa ƙaho. Ƙura ta tashi daga gindin Dutsen Gajimare, a bayanta hayaƙi yana tashi daga gidan sufaye. Madawaki Hu Gan ya fito da mahayansa ta gefen amalanke, ya ce wa Waziri yana wucewa, "Zan saya muku ɗan lokaci, malam. Ku kashe shi da kyau."

Suka haɗu da goshin rundunar Tolugan a cikin gonakin gero da aka girbe. Mahayan arewa ba su tsaya karo ba. Sukan zo a guje, su saki kibau, su watse, su sake dawowa ta wani gefe. Madawaki ya kore su har bakin rafi, ya sake kore su, amma bayan kowace kora sai wasu su ɓullo daga bayan tudu, kuma dawakan Shanlu da ke dawowa ba mahayi suna ƙaruwa. Shanun da ke ƙarshen layi suka firgita, amalanke ya kife, naɗe-naɗe suka warwatse cikin kara. Da kibiya ta sami Madawaki a cinya, ya juya da sauran mutanensa, suka tsallake gada jina-jina.

"A rufe ƙofa," in ji shi. Bai jira izinin kowa ba.

Magatakarda suka bar tebur suka ruga. Shehu Yun Tai ya tattare rigarsa ya bi su. Waziri ya shigo da naɗin nan a hannunsa, har yanzu ba kirtani. Masu gadi suka kama manyan ƙyauren suka fara turawa, ƙarfen gindinsu yana kuka a kan dutse.

Jinlu bai motsa ba. Yana tsaye a bakin gada, hannunsa a kan amalanken da bai shiga ba. Shuyi ta sauko daga karusa.

"Jinlu, taho. Ka bar su."

"Na faɗa miki, Inna. Sai na ƙarshe ya shige."

"Ai ba za su shige ba."

"Na sani."

Ta dubi ƙyauren, saura faɗin mutum biyu. Ta tuna ɗakin nan mai taga, da dutsen da yanzu ba sauran ƙararrawa a kansa, da yadda za ta zauna tana kallonsa har ƙarshen ranta. Kuyanga ta riƙo hannun rigarta, ta zame ta bar mata rigar sama. Masu gadi ba wanda ya isa ya taɓa jikin Mai Babban Ɗaki, kuma nauyin ƙyaure ya riga ya fi ƙarfin tsayarwa. Ta wuce ta tsakaninsu. Ƙofar Shanlu ta haɗe a bayanta, ta ji faɗuwar sakata.

Ta taka gadar a hankali har ta iso gare shi. A wannan karon ba ta ɓoye hannunta ba. Ta shafa kumatunsa, ta shafa askakken kansa, ta kama hannunsa ta riƙe. Ya yi sanyi.

Mahayan arewa suka iso suka kewaye amalanken. Babbansu ya ga alharinin da ke jikin tsohuwar da tsinken zinariyar da ke kanta, ya ɗaga hannu, bakuna suka sauka. Ya yi magana da harshensu, wani ya juya a guje don ya kai wa Tolugan albishir cewa tun kafin a harba wa ganuwa kibiya ɗaya, uwar Sarki da wan Sarki sun shigo hannu.

A kan ganuwa maharban Shanlu sun ɗana, suna jiran umarni. Shuyi ta ɗaga kai. Wenhai yana tsaye a tsakaninsu, hular sarauta ta karkace, ya leƙo har rabin jikinsa yana waje. Daga nan ƙasa sai ta ga ashe ƙarami ne ƙwarai. Ya buɗe baki, iska ta kawo mata muryarsa, ba irin wadda yake magana da ita a majalisa ba.

"Inna, ni fa?"

Ba ta saki hannun da ke cikin nata ba. Amma har aka kawo dokin da za a ɗora ta, idonta bai bar kan ganuwar ba.